Gwangwanin Lemo a Jos: Yadda Ake Tarawa, Yadda Ake Sayarwa, da Yadda Ake Zaɓen Mazubin Abin Sha

Cikin tarkacen da ke fita daga gidajenmu a Jos, kaɗan ne ke da mai saye a tsaye kamar gwangwanin lemo. Ledar fiyawata sai ka tara buhu-buhu kafin wani ya kalle ka. Kwalin lemon 'ya'yan itace ko kyauta ka bayar da wuya a karɓa. Gwangwanin maltina kuwa, yau ka tara, gobe a rataya shi a sikeli a ƙirga maka kuɗi. Darajar tana jikin ƙarfen da aka yi shi da shi, wato alminiyam, kuma in ka san inda ƙarfen nan ya fito, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Alminiyam daga wata jar ƙasa ake samunsa mai suna boksit, wadda ƙasar Gini ke kan gaba wajen fitar da ita zuwa kasuwannin duniya. Sai an haƙo tan 4 zuwa 5 na boksit, a tace shi ya zama farin gari kimanin tan 2, sannan a saki wutar lantarki mai ƙarfin gaske a cikin garin kafin a samu tan 1 na ƙarfe. Wutar ita ce tsadar. Kilo ɗaya tak na sabon alminiyam yana cin kusan yunit 14 na irin wanda kake saye a mitar gidanka. Masana'antar ALSCON da aka gina a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom don wannan aikin ta fara aiki a 1997, amma mafi yawan shekarunta a rufe ta yi su. Shi kuwa tsohon gwangwani, narkar da shi kawai ake yi, abin da ke cin kusan kashi 5 cikin 100 na makamashin da sabo ke ci, kuma ƙarfen ba ya gajiya komai yawan narkarwa. Shi ya sa ake ƙiyasin kusan kashi 75 cikin 100 na duk alminiyam ɗin da aka taɓa yi a duniya yana nan ana amfani da shi.

Mu mutanen Filato ba sai an yi mana dogon wa'azi kan abin da haƙar ma'adinai ke bari a ƙasa ba. Tun farkon shekarun 1900 aka shiga haƙar kuza gadan-gadan a nan, kamfanonin sun kwashe sun tafi, ga kududdufan nan har yau daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Duk gwangwanin da ya koma tukunyar narkarwa ya rage ramin da za a haƙa a gonar wani.

Mataki na farko: nemi maganaɗisu

Kafin buhu, kafin sikeli, abin da za ka fara mallaka shi ne ɗan maganaɗisu. Mai gyaran rediyo zai ciro maka ɗaya daga matacciyar lasifika. Ɗaure shi da igiya ka rataye kusa da inda za ka riƙa tarawa. Duk gwangwanin da ya kama, baƙin ƙarfe ne. Wanda ya ƙi kamawa, shi kake nema.

Gwangwanin madara, na tumatir, na Milo da yawancin na kifi duk maganaɗisu yana kama su. Ƙarfe ne da aka yi wa siririn shafe da farin ƙarfen da ake samu daga kuza, don kada ya yi tsatsa da wuri. Su ma ana sayensu, amma farashinsu can ƙasa yake. Kada ka haɗa su buhu ɗaya da na lemo. Baƙin ƙarfe yana ɓata narkakken alminiyam, don haka mai saye in ya ga gauraye, ko dai ya zazzage ya tsince a gabanka ya rage maka ladan wahalarsa, ko ya saye duka a farashin mai araha.

Da ka saba, ido ma ya isa. Gwangwanin alminiyam ba shi da ɗinki a gefe, gindinsa ya lotsa ciki, ba nauyi, kuma ko ya shekara a ruwa ba ya jan tsatsa.

A gida akwai wasu kayan alminiyam ɗin da ba gwangwani ba: tukunyar da ta huje, tsohuwar butar shayi, ludayi, guntun firam ɗin taga da ya rage bayan gini, yankakken kwanon rufi mara tsatsa. Ware kowanne daban, domin kowanne da farashinsa, kuma masu kauri irin firam sun fi gwangwani kuɗi a kilo. A nan maganaɗisu yana iya yaudararka sau ɗaya: wasu cokula da kwanuka masu ƙyalli da ba sa tsatsa su ma ba ya kama su, alhali ba alminiyam ba ne. Za ka gane su da nauyi, kuma ƙusa ba ta karce su da sauƙi. Takardar alminiyam da ake naɗe kaza ko kifi da ita, in babu maiƙo sosai, dunƙule ta wuri ɗaya ka ajiye gefe; ba kowane mai saye ke karɓa ba. Fakitin ƙwayar magani kuwa roba ce da ƙarfe a manne, kada ka wahalar da kanka.

Gwangwanin feshi, na turare ne ko na maganin sauro, ka keɓe shi. Kada ka huda, kada ka taka, kada ya kusanci wuta. Ko ya daina fesawa akwai sauran iska a matse a ciki.

Mataki na biyu: ɗauraya ka shanya

Ragowar zaƙin da ke cikin gwangwani shi ke jawo tururuwa, ƙuda, kyankyaso da ƙudan zuma, kuma shi ke sa uwargida ta ce a fitar mata da buhun daga gida. Ba sai ka ɓata ruwa mai kyau ba, ruwan ɗaurayar kwanuka ko na wanki ya isa. Zuba kaɗan, girgiza, zubar, kife shi ya tsane. Ka tabbata babu tsinken shan lemo, guntun sigari, tsinken sakace ko ledar alawa a ciki, don wurin biki mutane kan mai da gwangwani kwandon shara.

Da hunturu rabin yini ya isa ya bushe. Da damina, wadda a Jos takan ja daga Afrilu har Oktoba, kada ka bar su a buɗe a tsakar gida. Ɗan ruwan saman da ya kwanta a gwangwani ya ishi sauro yin ƙwai.

Mataki na uku: matsewa da ajiya

Gwangwanin da ba a matse ba iska ce kawai ke cika buhu. Kwantar da shi a gefe, taka tsakiyarsa da takalmi mai tauri, sannan ka taka kai da gindi su kwanto kan tsakiyar. Haka ya fi lafiya a kan a tsayar da shi a dira masa ƙafa, wanda ke sa shi zillewa. Taɓarya ko guntun katako ma suna yi. Kada yara su yi da silifas ko ƙafa ba takalmi, gefen da ya yage yana yanka kamar reza. Wanda gwangwanin bola ya yanka ya wanke da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus. Marfin da ake ɓallewa a bar shi a jiki ko a jefa shi ciki kafin a matse, shi ma nauyi ne.

Sai dai kafin ka matse buhu guda, tambayi wanda za ka sayar wa. Akwai masu son matsattse don ya rage musu kuɗin mota. Akwai kuma waɗanda aka sha cuta da yashi ko tsakuwa a cikin matsattsen gwangwani, su sun fi son su gani a buɗe. Masu cusa yashin nan kansu suke cuta da sauran jama'a, don da zarar an kama mutum ɗaya a unguwa, kowa sai an rage masa.

Tsohon buhun masara ko na taki ya isa ajiya. Ɗora shi kan dutse ko katako, inda ruwa ba ya taɓawa.

Yanzu lissafi, don kada wani ya ɗora buri. Gwangwani mai cin santilita 33 nauyinsa bai wuce giram 13 zuwa 15 ba, wato wajen guda 70 ne ke yin kilo. Katan ɗaya guda 24 ne, ke nan sai an shanye katan uku kafin a samu kilo ɗaya. Gidan da ba a shan lemon gwangwani sai ranar Sallah ko Kirsimeti ba zai ga wani kuɗin kirki ba, sai dai na sabulu ko na littafin makaranta. Inda abin ke da auki shi ne wurin mai shago, mai gidan abinci, mai gidan kallon ƙwallo, mai ɗakin taro, mai shara a tasha. Bikin da aka sha katan 20 ya bar gwangwani 480, kusan kilo 7, wanda sabonsa zai ci wutar da ta kusa yunit 100. Ga wanda gidansa bai tara da yawa, dabara ita ce haɗa kai: gidaje goma a layi ɗaya, ko ƙungiyar matasan masallaci, ko zumuntar mata a coci, ko makarantar Islamiyya, buhu ɗaya a wuri ɗaya, mutum ɗaya mai riƙe da littafi. Da yayyafi kogi kan cika. In tarin ya haɗa da gwangwanin giya, kamar yadda yakan faru ga mai kwasa daga otal, a daidaita tun farko ko za a karɓa ko ba za a karɓa ba, kada a zo rabon kuɗi a fara fatawa.

Mataki na huɗu: neman mai saye da ciniki

Sana'ar hawa-hawa ce. A ƙasa akwai ɗan gwangwan mai tura baro ko kura yana bin layi. Samansa akwai mai rumfa da sikeli, wanda 'yan baro ke kai wa. Saman wannan akwai babban dila mai fili, wanda ke tara lodin mota ya tura masana'antun narkarwa, akasari a Legas da Ogun, wasu a Kano. Kowane hawa yana cire ribarsa, don haka duk hawan da ka tsallake farashinka ya ƙaru. Amma ka sa kuɗin Keke a lissafi. Kilo biyu ko uku, bai wa mai baro a ƙofar gida ya fi. Daga kilo goma zuwa sama, ya cancanci ka ɗauka ka kai rumfa. Babban dila ba ya sauraron mai buhu ɗaya.

In ba ka san inda sikeli yake kusa da kai ba, tambayi mai walda ko bakanike. Na Dilimi, na Farin Gada, na Bukuru, duk suna da inda suke kai matattun ƙarafansu, kuma sun san wanda sikelinsa ke da gaskiya.

Farashin kilo ba ya zama wuri ɗaya. Yana bin dala, yana bin kasuwar ƙarafa ta Landan, yana bin tsadar man da motar Legas za ta sha. Kada ka riƙe farashin watan jiya. Ranar da za ka sayar, ji bakin mutum uku kafin ka kwance buhu. Cinikin ba shi da tsawo:

"Sannu da aiki, Malam. Nawa kuke ɗaukar kilon gwangwanin lemo yau?"

"Zalla ne ko gauraye?"

"Zalla, a wanke, a bushe. Ga maganaɗisu, gwada."

In ya faɗi abin da bai yi maka ba, ka ce albarka, ka tuna masa cewa kayanka ba sai ya sa yaro ya tsince ba. Mai kawo kaya mai tsabta a kai a kai yana da bakin magana, kuma mai rumfa ya san da haka.

Sikelin rataye mai sifirin shi aka fi amfani da shi, kuma sifirin yana saki da tsufa, wani lokaci kuma da taimakon mai shi. Gwajin ba wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a cike, ya kamata ta nuna kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗigo. Riƙe ta a leda, ka nemi a rataya kafin a rataya buhunka, cikin raha ba da fuskar tuhuma ba. Duba cewa allurar tana kan sifili kafin a fara. Ku yarda kan abin da za a cire na nauyin buhu tun kafin awo. In kana da ƙaramin sikeli a gida, auna ka rubuta kafin ka fita.

Musayar gwangwani da bokitin roba ko alawar yara, wadda wasu masu bin gida-gida ke yi, ban ga ribarta ba. Karɓi kuɗi, ka sayi bokitin da kanka.

Mataki na biyar: kauce wa abin da zai kai ka ofishin 'yan sanda

Wannan ya fi shafar wanda ya ga riba ya fara saye daga hannun wasu. Wayar lantarki ta kan turaku alminiyam ce, haka wasu allunan hanya da kayan fitilun titi. Duk wanda ya kawo maka yankakkiyar waya mai kauri, ko kayan taransifoma, ko sabon firam ɗin taga da daddare, ka sallame shi. A Abuja, cikin Janairun 2025, bayan yawaitar satar murafun ramukan titi, hukumomi sun hana 'yan bola jari yawo a cikin birni, suka kuma rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Masu gaskiya da yawa sun rasa abincinsu saboda laifin wasu. Riƙe littafi: wa ya kawo, me ya kawo, kilo nawa, yaushe. Kada ka sayi tukunya ko buta mai lafiya daga hannun yaro, tabbas ta uwarsa ce kuma ba ta sani ba.

Duk da haka, a daina yi wa 'yan bola jari kuɗin goro. Ƙasar Brazil tana sake narkar da sama da kashi 95 cikin 100 na gwangwanayenta, kuma ƙashin bayan aikin masu tsintar bola ne irin namu. Jamus ta bi ta wata hanya tun 2003, kowane gwangwani da kuɗin ajiya santi 25 na kuɗin Yuro a kansa, sai ka mayar a ba ka. Mu ba mu da tsarin Jamus a kan gwangwani, yaran nan masu buhu a kafaɗa su ne tsarinmu. In ba ka da niyyar sayarwa, zuba gwangwanayenka a leda daban ka ajiye a bakin ƙofa. Ka hutar da shi tonon shara da hannu, ka hutar da kanka sharar da zai watsa.

Ina gwangwanin ke zuwa, kuma me ya sa bai kamata ka narkar a gida ba

A ƙasashen da ke da masana'antar murza fallen gwangwani, wanda aka sha yau yana iya dawowa kanti a matsayin sabo cikin kwana 60. A Najeriya ana ƙera gwangwani, kamfanin GZI yana da masana'anta a Agbara ta jihar Ogun da kuma Aba, amma fallen da ake ƙerawa da shi daga waje yake zuwa. Namu tsohon yawanci narkar da shi ake yi a zuba shi sanduna, a sayar wa masu ƙera wasu kayan ko a fita da shi waje. Wani kason kuma yana tsayawa a hannun maƙeran tukwane, masu zubi a cikin yashi, waɗanda ke yi mana manyan tukwanen biki da kaskon suya.

A nan akwai abin lura. Gwangwanin lemo an yi shi ne don abin da za a sha, amma maƙeri ba shi kaɗai yake narkarwa ba. Wani yana haɗawa da lagireto, sassan inji da duk abin da ya samu, kuma ta nan gubar dalma ke shiga, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwanen a Kamaru ya samu dalma tana fita daga jikinsu. In za ki sayi tukunyar zubi, uwargida, saya wurin maƙerin da aka sani, ki tambaye shi me yake narkarwa. Abu mai tsami kamar zoɓo, tsamiya, yakuwa da miyar tumatir ya fi cin jikin tukunya, don haka kada ya daɗe a ciki, kada kuma ya kwana.

Masu kallon bidiyo a intanet su ce za su narkar a bayan gida, shawarata su bari. Alminiyam sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa. Ɗigon ruwa ɗaya da ya maƙale a cikin gwangwani, in ya shiga narkakken ƙarfe, fashewa yake ya watso wa mutum a fuska. Fentin waje da siririn shafen roba na ciki suna ƙonewa su ba da hayaƙi mai cutarwa. Ga shi gwangwani ba kauri, a wutar gawayi kaso mai yawa toka yake zama. Ka sayar wa masu abin.

Zaɓen mazubi tun a kanti

Duk wannan yabon da na yi wa gwangwani bai sa ya zama na ɗaya ba. Kafin ka biya kuɗin abin sha, yi wa kanka tambaya guda: in na shanye, wa zai karɓi mazubin nan daga hannuna a unguwarmu, kuma me zai yi da shi? Amsar ita ke jera su.

Na gaba da kowa shi ne mazubin da ba a jefarwa sam: randa, kula, jug, filas, gorar da kake cikawa daga gida, babbar gorar ruwa ta ofis da ake musanya ta da cikakkiya. Zoɓo ko kunun aya da aka haɗa a gida aka zuba a jug bai bar komai a bola ba. Jos da sanyinta, a tudun da ya haura mita 1,200, ruwan randa ma ya wadatar watanni da yawa ba tare da firji ba.

Na biyu ita ce kwalbar kires, wadda ake mayarwa. Mun daɗe da wannan tsarin har mun raina shi, alhali shi ne abin da ƙasashen Turai ke ƙoƙarin farfaɗowa. Kwalbar tana komawa kamfani, a wanke, a sake cikawa, sau da dama kafin ta fashe. Wanki ya fi narkarwa araha ta kowace fuska, kuma lemon kwalba ya fi sauƙin kuɗi. In a shago za ka sha, ko a gida kusa da shago, babu dalilin sayen wani abu daban. Sharaɗin kawai a mayar da ita, kada a zuba mata kananzir, kada a fasa bakinta.

Na uku gwangwani, inda kwalba ba za ta yiwu ba: tafiya, asibiti, filin wasa, rabon da mutane za su tafi da shi gida. Ba nauyi, ba ya fashewa, yana saurin sanyi, kuma ko ka yar wani zai tsinta. Amma ka tuna da yunit 14 ɗin nan. Gwangwanin da ya ƙare a ƙarƙashin bola ya fi gorar roba asara.

Na huɗu gorar roba, mai lamba 1 a cikin alamar kusurwa uku a gindinta. Tana da masu saye kashi biyu: masu zoɓo, kunu da fura da ke sake cikawa, da masu tarawa a niƙa. Fara tas ta fi mai launi kasuwa. In dole sai ita, babba ɗaya ta fi ƙanana huɗu. Ga masu sana'ar kunu da zoɓo: ku sayi gora daga gidajen da kuka sani ko wurin taro, ba daga bola ko harabar asibiti ba. A wanke da sabulu da buroshi har cikin marfi, a kife ta bushe. Kada a zuba kunu da zafinsa, robar tana motsewa. Wadda ta karce, ta yi duhu, ko take warin fetur ko maganin feshi, a huda ta a kai wa masu niƙa.

Kwalbar da ba ta komawa kamfani, irin ta lemon inabi na biki, ita ta fi kowa nauyi a mota, kuma gilashi sai wajen digiri 1,500 yake narkewa. Sa'arta ɗaya, masu gyaɗa, zuma da manja suna nemanta. Kada ka fasa, ka ba su.

A ƙarshen layi akwai kwalin lemo da ledar fiyawata. Kwalin nan da ake gani kamar takarda, kimanin kashi 75 ne takarda, kashi 20 roba, kashi 5 alminiyam, duk a manne, sai injin musamman ke raba su. Ledar ruwa kuwa ba zan ce kowa ya daina ba, don ga mutane da yawa ita ce ruwan sha mai tsabta da aljihu zai iya. Abin da za a iya shi ne a daina wurgarwa. A tara ta a buhu a bushe, akwai masu saye da kilo in ta yi yawa. Leda da gora su ke cushe magudanai su gangara kogin Dilimi, kuma waɗanda suka ga ambaliyar Rikkos da Gangare ta Yulin 2012 sun san abin da ruwa ke yi in ya rasa hanya. Ƙona su a ƙofar gida ma ba mafita ba ce, hayaƙin cikin ƙirjin yara yake ƙarewa.

In kai ne mai biki

Biki, suna, walima ko buɗe-baki na jama'a, a nan ne zaɓi ɗaya ke shafar ɗaruruwan mazubai. Raba abin shan gida biyu. Na waɗanda za su zauna su ci a wurin, yi odar kires daga dila, ka biya kuɗin ajiyar kwalba, ku ƙirga tare a rubuta, a kuma ƙirga wajen mayarwa. Zoɓo, kunun aya da lemon citta a manyan kuloli da kofunan da ake wankewa. Na waɗanda za a ƙulla wa su tafi da shi, gwangwani.

Tanadi buhu uku a wurin da kowa zai gani, ɗaya na gwangwani, ɗaya na gora, ɗaya na leda, ka ɗaura samfurin kowanne a bakin buhunsa, don ya fi rubutu saurin ganewa. Sa matasa biyu su riƙa zagayawa tun ana cikin ci, kafin a gauraya komai da ragowar shinkafa da miya, domin da zarar maiƙo ya shiga, aikin ya ninka. Kires ɗin da aka shanye a mayar da shi ɗaki nan take, kwalba takan yi ƙafa a taro. In ɗakin taro ka kama haya, tambayi manajan tun ranar biyan kuɗi ko gwangwanayen naka ne ko na masu sharar wurin, don a wurare da yawa su ke kwasa, kuma suna lissafa shi cikin abin da suke samu.